Shaidar Dutse: Bambance Kafaffe da Halittacce a Ƙasar Gaya

Ƙasar Gaya daɗaɗɗiya ce, domin riwayar Kanawa ta nuna daga nan ne maƙeran Abagayawa suka tashi neman tama har suka sauka gindin Dala, inda masana suka tarar da alamun narka ƙarfe na wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Saboda haka ba abin zargi ba ne in mutum ya ga dutse a tsaye cikin gonakin Balan na ƙasar Gaya zuciyarsa ta raya masa aikin mutanen farko ne. Amma zato daban, bayyina daban, kuma ƙa'idar malaman fiƙihu ce mai da'awa shi ke kawo shaida.

Shaidar dutse kuwa a gindinsa take. Halittacce galibi haɗe yake da fan da ke ƙarƙashinsa, jinsinsu ɗaya, ko an tona ba a iske ƙarshensa. Kafaffe kuwa cikin rami yake zaune, launin ƙasar ramin ya saɓa wa na kewaye, galibi an tokare shi da ƙananan duwatsu, wani lokaci a tarar da tsingaro ko gawayi, wanda da shi ake ƙiyasta shekaru. Misalin kafaffe, duwatsun marmara na Wassu a Gambiya, da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2006, sassaƙa su aka yi aka jera kewaye da kaburbura, don haka babu jayayya a kansu.

Mushkilar tana ga dutsen iyaka, tunda shi ma hannu ne ya kafa shi. Manominmu da gamba ko aguwa ya saba shata gonarsa, sai dai in rigimar gado ta yi tsanani dagaci ya sa a kafa dutse. Bayan jikoki sun haɗe gonakin, gamba ta mutu, dutsen ya rage shi kaɗai, sai a laƙaba masa labarin aljanu. Irin wannan raminsa gajere ne, a kusurwa yake, kan layin tsohuwar iyaka. A ganina nan ne ya wajaba a bi dattawa da tambayar isnadi: wa ya gaya muku, shi kuma daga wa ya ji?

Roƙona ga manoma da dagatai, kada a tumɓuke dutse don neman dukiya a ƙarƙashinsa, domin tono ɗaya na jahilci yana shafe hujjar duka. A bar shi yadda yake, a sanar da ma'aikatan Gidan Makama a Kano.