Finafinan fatalwar da babu ita

Finafinan fatalwar da babu ita rukuni ne na tsofaffin finafinai da ke sa mai kallo ya sakankance cewa matacce ne ke yawo, alhali makirci ne na ɗan Adam ko tsoron da ke cikin zuciya. Da iska mai kaɗa labule da waƙar mace cikin dare ake gina su.

Fitacce a Amurka shi ne Rebecca (1940) na Alfred Hitchcock. Marigayiyar uwargida ba ta bayyana ko sau ɗaya, amma kayanta da biyayyar mai kula da gidan sun hana amarya sakat, abin da duk wadda ta gaji ɗakin wata za ta gane.

Ga Hausawa, waɗanda suka daɗe da sabo da finafinan Indiya tun daga silimun Kano da Sakkwato har garuruwa irin Tambuwal da Kebbe, misalan Indiya sun fi kusa. A Mahal (1949) na Kamal Amrohi, matar da jarumi Ashok Kumar ya ɗauka fatalwa ce, wato jaruma Madhubala, ashe 'yar mai kula da lambu ce. A Woh Kaun Thi? (1964) na Raj Khosla, an yi amfani da kamannin 'yan biyu don a haukata wani likita a ci gadonsa.

Salon ya dace da aƙidar Musulmi cewa wanda ya mutu ba ya dawowa duniya, kuma tsoronsa ya fi daɗewa a rai, domin mugun yana cikin dangi ko ma'aikatan gida.