Tarihin Wata Ƴar Alama A Cikin Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

Uwargida ba ta zuwa rumbu duk lokacin da za ta ɗora tukunya. Takan ajiye hatsin kwana biyu cikin ƙwarya kusa da murhu. Wannan dabara ce masanan kwamfuta suka yi ta nema tun farkon zamaninta, domin ƙwaƙwalwa mai sauri tana da tsada, ga ta ƙarama, ma'adana mai faɗi kuwa tana da nawa.

A shekarar 1962 aka ƙaddamar da kwamfutar Atlas a Jami'ar Manchester ta Ingila, ƙarƙashin jagorancin Tom Kilburn. An yanka bayanai gunduwa-gunduwa, ana kiran kowace gunduwa shafi, mai ɗauke da kalmomi 512. Shafuka 32 kacal ke shiga ƙwaƙwalwar kusa, sauran suna jira cikin ma'adana. Sai tambaya ta taso: idan wuri ya cika, wane shafi za a fitar? Maƙeran Atlas suka sa wa kowane shafi alama mai nuna ko an taɓa shi kwanan nan.

A 1968, Peter Denning na cibiyar MIT a Amurka ya fayyace dalilin da ya sa dabarar ke aiki. Manhaja ba ta yawo ko'ina cikin bayananta. Takan daɗe tana kewaya ƴan shafuka kaɗan, kuma abin da ta taɓa yanzu shi za ta sake nema an jima. Idan aka raba ta da waɗannan shafuka, na'ura sai ta ɓata lokacinta wajen kai da kawowa, aiki ya tsaya.

Kamfanin Intel ya fitar da 80386 a 1985, inda jadawalin shafuka ke ɗauke da alama biyu: ɗaya na cewa an taɓa shafin, ɗaya kuma an sauya abin da ke cikinsa. A kan wannan na'ura Linus Torvalds ya fara rubuta Linux a Helsinki a 1991. Daga bisani, a 2013, Linux ta sami hanyar yi wa shafi alama don gano sashen na'urar da ke yawan nemansa, a matso da shi kusa. A 2022 kuma aka sabunta yadda take rarraba shafuka gwargwadon daɗewarsu ba a taɓa su ba.

Lamarin ya shafi mutanen Yamai kai tsaye. Wayoyin Android da ake sayarwa a Babbar Kasuwa a kan Linux aka gina su, kuma masu araha daga cikinsu ƙwaƙwalwarsu ba ta da yawa. Ga ɗalibi ko ɗan kasuwar da ba ya da halin sayen mai tsada, kyakkyawan zaɓen shafin da za a fitar shi ne bambanci tsakanin wayar da ke amsawa da wadda ke daskarewa. Dabarar da ƙarancin shekarun 1960 ya haifa, mai ƙaramin ƙarfi ne ya fi cin moriyarta a yau. Da ma Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.