Mariam Doumbia: Murya Kawai ko Mai Tsara Waƙa?

Tun bayan rasuwar Amadou Bagayoko a Bamako a Afrilun 2025, wani tsohon ra'ayi ya sake tasowa, har na ji wani manazarcin waƙa a nan Minna yana kare shi: wai Amadou ne mai ƙirƙira, matarsa Mariam Doumbia kuwa murya ce da ta dace da jitarsa. A ganina akwai gyara babba a maganar.

Tarihinta sananne ne: an haife ta a 1958, ƙyanda ta makantar da ita tana shekara 5, ta haɗu da Amadou a makarantar makafi ta Bamako, suka yi aure a 1980.

Hujjar malamin ita ce Amadou ya goge a ƙungiyar Les Ambassadeurs tare da Salif Keita, kuma duniya ba ta san su sosai ba sai da Manu Chao ya shirya faifan Dimanche à Bamako a 2004. Duka gaskiya ne. Sai dai ya haɗa kiɗa da tsara waƙa ya mai da su abu guda, alhali Bahaushe ya daɗe da raba su. Wa ya taɓa cewa makaɗan kalangu ne suka tsara waƙoƙin Shata? Ƙwarewar Amadou a jita ba ta nuna wanda ya ɗora baiti a kan kari ba. Batun Manu Chao ya fi rauni, domin kaset-kaset ɗin da suka naɗa a Abijan bayan komawarsu can a 1986 sun riga shi da shekaru masu yawa, kuma kusan ba komai a cikinsu sai jita da muryoyi biyu. A faya-fayensu ma an rubuta sunan Mariam a matsayin mai wasu waƙoƙin.

Ba na da'awar ita ta tsara kiɗan. Sautin na'ura da ke cikin waƙarsu Sabali, misali, hannun Damon Albarn ne. Da'awata ta tsaya ga kalmomi da karin waƙoƙin da ke ɗauke da sunanta.

Abin da ya fi damuna shi ne saurin karɓuwar wancan ra'ayi a wurinmu. Mun yarda makaho Aliyu Namangi ya tsara Imfiraji, amma makauniyar da ke rera waƙa a bakin kasuwar Kure bara kawai muke ji, ba ma tambayar wa ya tsara baitocin. Ina zargin cewa da wannan kunnen ne malamin ya saurari Mariam.