Daga Duwatsun Rano Zuwa Entoto: Me Ya Sa Masu Nazarin Taurari Suke Hawa Dutse?

Ranar 20 ga Fabrairu, 1962, ɗan sama jannatin Amurka John Glenn ya gifta ta saman ƙasar Hausa a cikin kumbonsa, ya kuma yi magana da mutanen da ke ƙasa a Kano. A lokacin hukumar NASA tana da tashar bibiyar kumbo a Kano, ɗaya daga cikin jerin tashoshin da ta kafa a faɗin duniya. Glenn ya shaida wa tashar cewa yana hango guguwar ƙura a ƙasa, su kuma suka tabbatar masa an kwana biyu ana iska mai ƙarfi. Wato dai hazon hunturunmu ya gani daga sama. Wannan ƙura ita ce amsar tambayar da mutum kan yi idan ya bi hanyar Rano zuwa Kibiya da dare, ya ga duwatsu tsaye, taurari kuma kamar a miƙa hannu a tsinko: me ya hana a gina cibiyar nazarin taurari a nan?

Bari mu fara da cewa duban sama ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Manomin Unguwar Gai da bai taɓa ganin madubin hangen nesa ba ya san Zara matar wata, ya san Gamzaki da ke fitowa da asuba, ya san Kaza da 'ya'yanta. Malaman zaure kuwa suna da lissafin taurari 28 da suka gada daga littattafan Larabci. Ashirin da bakwai suna da kwana 13 kowannensu, ɗaya kuma, wato Jabaha, yana da 14. Ka haɗa, za ka samu 365 cif. An raba su bakwai-bakwai tsakanin bazara, damina, kaka da hunturu, kuma da su ake ƙiyasta lokacin shuka da na ɗaukewar ruwa. Wannan kalanda ce ta rana, tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ta wata da ake azumi da salla da ita.

Ilimin ya kai wasu nesa. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, malamin lissafi da falaki daga ƙasar Katsina, ya tafi aikin hajji, ya rubuta littafi kan lissafin hatimi a 1732, sannan ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, wanda shi ma masanin falaki ne. A zamaninsu ilimin taurari da hisabi a cakuɗe suke, amma lissafin da ke ciki na gaske ne.

To hawa dutse fa, daga ina ya samo asali? A zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekarar 830, masana sun yi aunin rana da taurari a kan dutsen Ƙasiyun da ke Dimashƙa. A 1259 aka fara gina cibiyar Maraga a kan tudu a ƙasar Iran, ƙarƙashin Nasiruddin al-Tusi. Waɗannan da ido da manyan ma'aunai suke aiki, amfanin tudun a wurinsu shi ne ganin gefen sama ba tare da gini ko bishiya ta tare ba. Dalili ɗaya ne da wanda ke sa masu duban jinjirin wata su nemi fili ko wuri mai tsayi.

Zuwan madubin hangen nesa ya kawo sabon dalili. Ka lura da yadda taurari ke ƙyaftawa? Ba su ne ke rawa ba, iskar da ke tsakaninmu da su ce. Iska mai ɗumi da mai sanyi suna cuɗanya, suna lanƙwasa haske, kamar yadda kwalta ke rawa da tsakar rana a watan Afrilu. Isaac Newton ya rubuta cewa girman madubi ba zai magance wannan ba, sai dai a je ƙololuwar manyan duwatsu inda iska take a natse. An ɗauki fiye da shekara ɗari kafin a gwada maganarsa sosai. A 1856 Charles Piazzi Smyth ya ɗauki madubinsa daga Sikotlan ya hau duwatsun tsibirin Tenerife, a gaɓar yammacin Afirka, ya kuma ga taurarin da ba ya iya gani daga gida. A 1888 aka buɗe cibiyar Lick a kan dutsen Hamilton a Kaliforniya, mai tsayin kusan mita 1,280, inda masana suka tare dindindin. Tun daga nan manyan cibiyoyi suka koma kan duwatsu.

Afirka ma ta bi sahu. A Sutherland ta Afirka ta Kudu, mai tsayin kusan mita 1,800, aka ƙaddamar da katafaren madubin SALT a 2005. Maroko tana da Ukaimidan a duwatsun Atlas, sama da mita 2,700. Habasha ta gina tata a dutsen Entoto, kusa da Addis Ababa, a tsayin kusan mita 3,200, da madubai biyu masu faɗin mita ɗaya kowanne.

Yanzu mu auna namu. Dutsen Dala mita 534 ne daga doron teku. Duwatsun Rano da Rurum, duk da kwarjininsu a ido, ba su kusanci tsayin Entoto ba. Ƙurar hunturu kuwa, wadda mafi yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, kaurinta a sama yakan wuce kilomita guda. Ka ga ke nan ko ka hau can ƙoli, kana cikin hazon tsundum. Daga Nuwamba zuwa Maris ƙura, daga Yuni zuwa Satumba hadari da gajimare. Akwai kuma wani abu: irin waɗannan duwatsu suna shan rana yini guda, da dare su riƙa fitar da zafin, iskar da ke kansu ta yi ta rawa. Ƙadangare da rema suna jin daɗin wannan ɗumin, madubi kam ba ya so.

Sai dai kada a ce ba mu da komai. Muna kusan digiri 11 da rabi ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka muna ganin kusan dukkan saman arewa da kaso mai yawa na saman kudu, abin da mutumin Landan ba ya samu. Tauraron arewa yana nan ƙasa-ƙasa, tsayinsa daga gefen sama daidai yake da wannan digiri namu. Da daren Afrilu da Mayu, idan sama ta washe, ana ganin taurari huɗun nan na kudu masu siffar gicciye. Sannan ba kowane nazari ƙura ke hanawa ba. Na'urar da ke sauraron sama da igiyar rediyo ba ruwanta da hazo, kuma ba ta buƙatar dogon dutse. Gana ta nuna hanya a 2017, da ta mayar da tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse ya zama irin wannan na'ura.

Babban jarin da yankin Rano da Kibiya ke da shi shi ne duhu. A cikin birnin Kano hasken fitilu da hayaƙi sun shafe yawancin taurari, yara da dama sun tashi ba su taɓa ganin farin zanen nan da ke ratsa sama ba. A ƙauye yana nan. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya wanke sama, hazo bai sauko ba, dawa na nuna a gonaki. A zaɓi daren da babu farin wata, a hau tun da sauran haske tare da ɗan gari da ya san hanya, a sa takalmi rufaffe saboda maciji da kunama. A kashe waya da tocila na minti 20 ido ya saba da duhu. Ƙaramin madubi irin na makaranta ya isa ya nuna ramukan wata da manyan watanni huɗu na Mushtari, waɗanda Galileo ya gani a 1610.

Wutar lantarki da fitilun sola suna shiga ƙauyuka, kuma alheri ne. Abin da ake buƙata kawai shi ne fitila ta kalli ƙasa inda ake son haske, a sa mata murfi ta sama. Sannan a zauna da dattawan da har yanzu suke riƙe da lissafin taurari 28, a rubuta abin da suka sani tun suna raye. Madubi ana iya sayensa ko yaushe, amma duhun dare da waɗannan dattawa idan suka tafi, ba a kasuwa ake samo su ba.