Yoyon Ramin Rini da Maganinsa a Ƙasar Rogo

A ƙarni na 19 babu sana'ar da ta ɗaukaka sunan Kano kamar saƙa da rini. Wani Bature Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa Abdulkarim, ya sauka Kano cikin 1851, ya kuwa rubuta cewa ana ɗaukar rinannun tufafinta har Tambutu da Gat da Tarabulus. Amma ba cikin birni kaɗai ake rinin nan ba. Kura ta shahara da shi, haka kuma garuruwan yamma na ƙasar Ƙaraye, irin su Zarewa da Beli, waɗanda yau ke cikin ƙaramar hukumar Rogo. Dukan arzikin nan kuwa ya rataya ne ga abu guda, watau ramin da zai riƙe ruwa ba ya yoyo.

Da fari marina cikin manyan tukwanen ƙasa suke rini. Tukunya kuwa tana da iyaka, ga ta da saurin fashewa. Daga baya sai suka koma haƙa ramuka masu zurfin da ya fi tsayin mutum, suna shafe cikinsu da laso. Wurin da aka jera ramukan nan shi ake kira karofi. Da samuwar laso sai marini ɗaya ya iya rina tufafi masu yawa a zubi guda, ciniki ya buɗe.

To, mene ne laso? Ƙurar baba da toka da ke kwanta a gindin rami ita ake kwashewa, a cura, a shanya, a ƙone. Wannan shi ne katsi. Sai a daka shi, a haɗa da gashin jima wanda ake samowa daga majema, a kwaɓa da ruwan dafara mai yauƙi. Gashin shi ke hana tsagewa, dafara ke ɗaure shi, katsi ke ba shi ƙarfi. Ka ga ashe ramin da kansa ke haifar da abin gyaransa.

Duk da haka laso ba ya dawwama. Saiwar itace takan ratsa shi, ƙasa takan motsa da damina, tsufa kuma yakan cinye shi. Marini yakan gane ɓarna da safe, in ya tarar ruwa ya sauka ƙasa da inda ya bar shi jiya. Hasarar ba ƙarama ba ce, gama ya sayi baba da toka, ya yi kwanaki yana motsawa kafin ruwan ya nuna, ga kuma zannuwan mutane da ya karɓa da alkawari.

Mai gaggawa sai ya danƙara sabon laso bisa tsagar ya ce ya gama. Ba a jimawa ruwa zai sami wata hanya, domin sabo ba ya kama ruɓaɓɓe. Gwani kuwa sai ya kwashe ruwan ƙaf, ya bar rami ya bushe, ya shiga ya kankare duk inda ya yi sanyi har ya iske ƙasa mai ƙarfi. Sa'an nan ya yaɓa laso, ya daddaɓe, ya goge, ya jira ya bushe sarai. Bayan haka ya cika shi da ruwa zalla ya zuba ido. Sai ya tabbata ruwan bai ragu ba kafin ya zuba babansa.

Mutanen wasu ƙasashe ma sun sha irin wannan wahala. Cikin 1853 aka buɗe ɗakin kallon kifi a gidan namun daji na Landan, daga nan mutanen Ingila suka shiga ajiye kifi a gida cikin akwatin gilashi. Da ƙarfe suke ɗaure gilashin, su toshe gaɓoɓinsa da wani ƙullu, wanda in ya tsufa sai ya tsage. Wajen shekarun 1960 aka soma liƙe gilashin da wani danƙo mai suna silikon. Shi ma in ya yi yoyo ka'idarsa ɗaya da ta laso: a kwashe kifi da ruwa, a kankare tsohon danƙo duka, a goge gilashi, a sa sabo, a jira ya bushe, a gwada da ruwa zalla. Sakaci a nan haɗari ne, don kowace lita ta ruwa nauyin kilo guda gare ta.

Abin da ya durƙusar da karofi ba yoyo ba ne. Cikin 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, yadin Turai ya yi ta shigowa da araha. Sannu a hankali aka koma rini da garin kanti cikin ganga, ramuka da yawa suka cike da ƙasa. Karofin Ƙofar Mata na birnin Kano, wanda ake cewa an kafa shi tun 1498, shi ne ya fi saura suna.

Amma ilmin bai tsufa ba. Duk mai randa, ko tankin siminti, ko ramin kiwon tarwaɗa a bayan gida, ya tuna da marinan Zarewa da Beli. In ya ga ruwa na raguwa, kada ya yi ƙyashin kwashewa da kankarewa, kada kuma ya zuba dukiyarsa sai ya gwada da ruwa zalla.