Takobi a Ƙasar Kano

Takobi (jam'i: takubba) makami ne mai miƙaƙƙen ruwa da kaifi biyu, wanda ake ratayawa a kafaɗa cikin kube. Tarihin baka ya ce Abagayawa, maƙera daga Gaya, sun zauna a Dala don neman tama. Duk da daɗewar ƙira, a ƙarni na 19 ana shigo da ruwan takubba masu yawa daga Solingen ta Jamus ta hanyar Sahara, kamar yadda Heinrich Barth ya gani a Kano a 1851. A nan ake sa musu ƙota, dukawa su ɗinka kube.

Mai saye yakan lanƙwasa ruwan, na ƙwarai yakan koma daidai. Tambari kaɗai bai isa shaida ba, domin maƙeran gida sun riƙa kwaikwayon na Turai.