Zubar Jini Bayan Haihuwa: Sababbin Hanyoyin Ceto Da Yadda Suka Shafi Mutanen Simsim



Simsim yanki ne na manyan gonaki a kudancin garin Gadarif da ke gabashin Sudan. Sunan da Larabci yana nufin riɗi, kuma riɗi da dawa su ne arzikin wurin tun da aka buɗe gonakin tarakta da rancen Bankin Duniya a 1968. Jihar Gadarif cike take da 'yan uwanmu Hausawa, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira zuwa gabas bayan Turawa sun ci ƙasar Sakkwato a 1903. Ƙasar wurin baƙar laka ce, da rani ta dare, da damina ta riƙe tayar mota har kwana da kwanaki. Wannan laka ce ta sa muka zaɓi Simsim domin yin bayani a kan zubar jini bayan haihuwa, matsalar da take kashe dubun-dubatar mata a duniya kowace shekara, domin babu abin da ke yanke hukunci a cikinta kamar lokaci da hanya.

Mene ne zubar jini bayan haihuwa?

Likitoci suna kiran sa haka idan mace ta zubar da jinin da ya kai rabin lita, wato mililita 500, cikin awa 24 da haihuwa. Idan ya kai lita guda, ya zama mai tsanani. A ƙarshen ciki, jinin da ke ratsa mahaifa yakan kai rabin lita ko fiye a kowane minti. Da zarar mabiyiya ta rabu, sai jijiyoyin da ke ciyar da ita su zauna a buɗe, kuma abin da ke toshe su shi ne tsukewar naman mahaifar kanta. Idan mahaifa ta saki jiki ta ƙi tsukewa, jini zai yi ta kwarara, kuma wannan shi ne sababi mafi yawa. Sauran sabubban su ne yagewar gaba ko bakin mahaifa, da ragowar mabiyiya a ciki, da jinin da ya kasa daskarewa. Macen da take lafiya lau da safe tana iya rasuwa cikin awa biyu idan ba a tsayar da shi ba.

A nan akwai wani ruɗani da ya kamata mu warware. Jinin biƙi, wanda fiƙihu ke kira nifasi, abu ne na ɗabi'a, kuma a mazhabar Malikiyya da mutanen Sudan da ƙasar Hausa suke bi, mafi tsawonsa kwana 60. Hukuncin barin salla da azumi a cikinsa sananne ne. Amma sunan nifasi bai zama shaidar lafiya ba. Sau da yawa akan ji tsofaffi suna cewa a bar shi ya fita, ai dattin ciki ne. Jinin da ke jiƙa zane ko ƙunzugu sharaf cikin ƙasa da awa guda, ko yake fitowa da manyan gudaji, ko ya zo da jiri, da bugun zuciya da sauri, da gumi mai sanyi, wannan ran mace ne yake fita.

Abin da ya sa ya fi muni a Gadarif

Mace mai cikakken jini tana iya jure asarar da za ta kayar da mai ƙarancin jini. A Gadarif kuwa abubuwa biyu suna cinye jinin mai ciki tun kafin ranar naƙuda. Na farko zazzaɓin cizon sauro, wanda ke tashi a ƙarshen damina, daidai lokacin da maza suka duƙufa yankan riɗi, aikin da ba ya jira domin ƙwayar tana zubewa idan aka yi jinkiri. Na biyu kala'azar, ciwon da wani ɗan ƙaramin ƙuda ke yaɗawa, mai zama a tsagar baƙar ƙasa da kurmin aduwa da itacen da Larabawa ke kira talha. Yana zuwa da dogon zazzaɓi, da kumburin saifa, da rama, da ƙarancin jini, kuma Gadarif tana cikin wuraren da ya fi yawa a duniya.

A wannan jihar ce, a Um al-Khair, likitocin ƙungiyar MSF suka lura da cewa tsohuwar allurar kala'azar tana tafiya da yawan ɓari ga masu ciki, alhali ba a ga haka ba ga waɗanda aka ba maganin AmBisome. An buga rahoton a 2006, kuma yau shi ne maganin da ake zaɓa wa mai ciki. Saboda haka duk macen da aka gano tana da wannan ciwo ta faɗa wa likita idan tana da ciki, ko da na wata ɗaya ne.

Sai kuma kaciyar mata irin ta ɗinkewa, wadda ke sa gaba ta yage wurin haihuwa. Sudan ta mayar da kaciyar mata laifi a 2020, da hukuncin ɗaurin da ya kai shekara 3. Yankan gishiri da aka sani a ƙasar Hausa shi ma yana jawo irin wannan zubar jini.

Daga akwatin ungozoma zuwa allurar da ba ta tsoron zafi

Sudan ta daɗe da gane cewa ceton mai haihuwa yana hannun wadda take kusa da ita. A 1921 wata Baturiyar Ingila mai suna Mabel Wolff ta buɗe makarantar ungozomai a Umdurman. Yawancin ɗalibanta ba su iya karatu ba, sai aka koya masu gane magunguna ta wari da ɗanɗano, aka sallame su da akwatin kayan aiki. Sitt Batul Muhammad Isa tana cikin fitattun matan da suka fito daga nan. Ungozomar ƙauye mai horo, wadda mutanen Sudan ke kira daya, gadon wannan makaranta ce.

Abin da aka daɗe ana nema shi ne maganin da zai yi aiki a hannunta. Allurar oksitosin, wadda ake yi wa mace da zarar jariri ya fito domin mahaifa ta tsuke, ita ce kan gaba har yau, amma tana son firji, sanyin da bai wuce digiri 2 zuwa 8 ba. A wurin da wuta ba ta tsayawa, allurar takan rasa ƙarfinta ba tare da kowa ya sani ba. An samu mafita biyu. Ta farko ƙwayar misofurostol, wadda ake sha bayan haihuwa inda babu allura, kuma tun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a riƙa ba masu ciki ita su ajiye idan ana tsammanin za su haihu a gida babu ma'aikaciyar lafiya. Gargaɗi a nan babba ne: ba a shan ta sai jariri ya fito kuma an tabbatar babu na biyu a ciki, domin shan ta da nufin saurin naƙuda yana iya fasa mahaifa. Ta biyu allurar kabetosin mai jure zafi, wadda aka gwada a kan mata kusan 30,000 a ƙasashe 10, har da Najeriya, aka buga sakamakon a 2018. Tana iya zama shekara 3 a zafin digiri 30 ba ta lalace ba. Ita ta rigakafi ce kawai.

Idan jinin ya riga ya ɓalle, maganin da ya fi canja al'amari shi ne tiranezamik asid, mai hana gudajin da jiki ya ƙulla narkewa. Wasu ma'aurata 'yan Japan, Utako da Shosuke Okamoto, su suka samar da shi a farkon shekarun 1960, amma sai a 2017 aka tabbatar da amfaninsa ga masu haihuwa, a wani gwaji na mata fiye da 20,000 a ƙasashe 21, ciki har da Sudan da Najeriya. Idan aka yi allurarsa a jijiya cikin awa 3 da haihuwa, mutuwa ta dalilin zubar jini tana raguwa da kusan kashi ɗaya bisa uku. Bayan awa 3 ba a ga amfaninsa ba. Magani ne mai araha, ba ya son firji. Mu dai a ganinmu, wannan awa 3 ya kamata kowane magidanci a Simsim ya auna ta da nisan gidansa zuwa asibiti, da rani da kuma da damina.

Darasin da ya fito daga asibitocin Najeriya

Ci gaba na baya-bayan nan bai zo da sabon magani ba. An daɗe da sanin cewa ido yana raina jini. Ma'aikaciya takan dubi shimfiɗa ta ce bai kai ba, alhali ya wuce. A gwajin E-MOTIVE da aka buga a 2023, an yi aiki a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero Kano ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Akan shimfiɗa wa mace wata leda mai aljihu da ma'auni a ƙarƙashinta, jini ya taru a gani da lamba. Da ya kai layin haɗari, sai a yi komai lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya: a murza mahaifa, a yi allurar oksitosin, a ba da tiranezamik asid, a ɗaura ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, in bai tsaya ba a kai ta gaba. Da wannan tsari, munanan sakamako, wato zubar jini mai tsanani ko fiɗa ko mutuwa, sun ragu da kashi 60 cikin 100.

Ga wadda za a ɗauka zuwa nesa, akwai wata riga ta roba mai maƙalewa da ake naɗe ƙafafu da mara da ita, ta matsa jini ya koma zuciya da ƙwaƙwalwa har a isa. An gwada ta a Najeriya da Masar, kuma ana wanke ta a sake amfani da ita.

Sakamakon gwajin E-MOTIVE ya fito ne a lokacin da Sudan take cikin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Babban asibitin haihuwa na Umdurman ya tsaya da aiki, Wad Madani ta faɗi a Disambar wannan shekara, ɗimbin 'yan gudun hijira suka kwararo Gadarif, asibitocinta suka ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsu. Allah Ya kawo wa ƙasar zaman lafiya.

Abin da ke hannun gida da masallaci

Awon ciki shi ne farko, a auna yawan jini, a sha ƙwayoyin ƙarin jini, a kwana cikin gidan sauro. Macen da ta haihu sau biyar ko fiye, ko mai tagwaye, ko wadda aka taɓa yi wa fiɗa, ko ta taɓa zubar da jini a haihuwar baya, idan watanta ya faɗo cikin damina, ya fi dacewa ta koma wurin dangi a garin da ke da asibiti tun kafin naƙuda. Miji ya ba da izinin fita asibiti tun da wuri, a gaban mutanen gida, domin kada a zauna jiransa yana gona. A san mai tarakta ko motar da za a tasa da dare, a ware kuɗin mai tun ranar da aka sayar da riɗi. Ba da jini domin ceton rai halas ne a wurin malamai, kuma kwamitin masallaci zai iya rubuta sunayen matasa masu lafiya da rukunin jininsu.

Idan an haihu a gida, kada a ja cibiya da ƙarfi. Mabiyiyar da ta wuce rabin awa ba ta faɗo ba, a fara shirin tafiya. Idan jini ya yi yawa, a sa mai jego ta yi fitsari domin cikakkiyar mafitsara tana hana mahaifa tsukewa, a murza mararta ƙasan cibiya har a ji mahaifar ta yi tauri, a ɗora mata jariri ya kama nono, a kwantar da ita a ɗaga ƙafafunta, a lulluɓe ta. Ana yin waɗannan ne mota tana tafiya. A tafi da zannuwan da suka jiƙe domin ma'aikata su gani, kuma wani ya riƙe ainihin lokacin da jaririn ya faɗo, domin da shi za a lissafa awa 3 ɗin nan.